Ka ba shi agogo tukuna: yadda nake tayar da sassan STM32 ɗaya bayan ɗaya

Shagona yana Tahoua, sana'ata gyaran famfon rana ce da batura da ƴan kayan kuran na gida. A ranin da ya wuce wani Alhaji mai garkar albasa ya zo mini da kukansa. Yaran garkar sukan kunna famfo su koma gindin itace wajen shayi, shato ya cika ya yi ta zuba, ko kuma rana ta faɗi famfo na ta jan batir har ya tsotse shi tas. Ya ce, "Malam, ka yi mini abin da zai kashe famfon nan da kansa, na gaji da sayen batir."

Da Arduino Uno, ɗan katin nan da ake loda wa shiri ya juya kayan kuran, na saba yin irin wannan aiki, amma ran nan ba ni da ko guda. Abin da ke cikin kwalin da motar Yamai ta kawo mini shi ne ƴan katunan nan masu shuɗi da ake kira Blue Pill, masu ɗauke da guntun STM32F103C8T6, ƴar ƙaramar kwamfuta ta kamfanin STMicroelectronics. Dangin wannan guntu tun 2007 suke kasuwa. Ƙwaƙwalwarsa Cortex-M3 ce, yana gudu har megahaz 72, yana da kilobait 64 na ajiye shiri da 20 na aiki, kuma da bolt 3.3 yake rayuwa. Na ce to, ai wannan ya fi Uno ta kowace fuska, kafin la'asar na gama.

Kwana uku na yi ban kunna ƴar fitilar da ke kan katin ba.

Kod ɗina layi huɗu ne, na karanta shi ya fi sau hamsin. Na canza kati, na canza waya, har na fara zagin wanda ya sayar mini da kayan a zuciyata, ina cewa jabu ya haɗa ni da su. Yaron shagona kullum sai ya leƙo ya ce, "Maigida, har yanzu hitilar ba ta kama ba?" A dare na uku na zauna da littafin guntun, wanda ake kira RM0008, mai shafi sama da dubu, na buɗe babin RCC, sai na ga abin da ya sha mini kai. A cikin ATmega328P na Uno, sassan aiki suna tashi da agogonsu, wato bugun da ke tafiyar da su, a kunne, sai in kai ka ga dama ka kashe su don tattalin batir. A STM32 akasin haka ne. Guntun yana tashi ne kamar babban gida mai ɗakuna da yawa, an ja waya ko'ina, amma kowane ɗaki makunninsa a kashe yake a wani allo guda da ke zaure. Ƙafafun shiga da fita ɗaki ne, mai auna bolt ɗaki ne, mai ƙirga lokaci ɗaki ne, mai magana da kwamfuta ɗaki ne. Muddin ba ka je zaure ka ba ɗakin bugun agogo ba, duk abin da ka rubuta masa iska ce ke kwashewa. Ba zai yi ƙorafi ba, shirin ba zai tsaya ba, shiru kawai za ka ji.

Allon zauren shi ne RCC, kuma rajista biyu a cikinsa za ka fi taɓawa. Rajista jerin ƴan makunnai ce a cikin guntun, kowanne ana kiransa bit, yana ɗaukar 0 ko 1. APB2ENR tana riƙe da makunnan ƙafafun A a bit 2, B a bit 3, C a bit 4, da ADC1 mai auna bolt a bit 9, da USART1 mai magana da kwamfuta a bit 14. APB1ENR ita ke da TIM2 mai ƙirga lokaci a bit 0, USART2 a bit 17, I2C1 a bit 21. Kada ka wahalar da kanka da hadda. Ni na rubuta su a bayan kwalin shayi na manna a bango kusa da ƙarfen dalma.

Fitilar katin tana kan ƙafar PC13, saboda haka layin da na rasa kwana uku shi ne wannan:

RCC->APB2ENR |= (1 << 4);

Kafin ka ci gaba, ka koyi ɗabi'ar da ta fi kowane kod amfani a wajena: duba rajista da idonka. In kana da ST-Link, ƴar na'urar da ke loda shiri daga kwamfuta zuwa katin, ka tsayar da shirin a manhajar STM32CubeIDE ka buɗe tagar rajistoci. Kafin wancan layin, GPIOC CRH sifili za ta nuna maka. Bayansa sai ka ga 0x44444444. Wannan jerin huɗu-huɗu shi ne shaidar ɗakin ya farka. Gani ya kori ji. Duk ran da wani sashe ya ƙi motsi, nan nake fara dubawa, kuma in na tarar da sifili inda littafi ya ce akwai wata lamba, na san agogo ne ban bayar ba.

Yanzu ƙafar kanta. Kowace ƙafa tana da bit huɗu da ke faɗa mata aikinta. Ƙafa ta 0 zuwa 7 suna cikin CRL, ta 8 zuwa 15 suna cikin CRH. Biyu na ƙasa daga cikin huɗun suna cewa shiga ce ko fita, da saurin fitar. Biyu na sama suna faɗin wane iri. Lambar 4 da ka gani tana nufin shiga ce a sake, ba a ɗaure ta sama ko ƙasa ba. Lambar 2 fita ce mai iya turawa sama da ja ƙasa, a saurin megahaz 2. Wurin PC13 a CRH yana farawa daga bit 20:

GPIOC->CRH &= ~(0xF << 20);
GPIOC->CRH |= (0x2 << 20);
GPIOC->BSRR = (1 << 29);

Ka karanta CRH, ya kamata ka ga 0x44244444. Layi na uku yana jan ƙafar zuwa ƙasa, don a wannan kati fitilar tana kamawa ne idan ƙafar ta sauka sifili. A BSRR, bit 13 yana ɗaga ƙafar, bit 29, wato 13 a tara da 16, yana saukar da ita.

Layin farko, na sharewa, shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma ina so in daɗe a kansa domin ya taɓa cin yarona. Idan ba ka share 4 ɗin ba ka ɗora 2 a kai, abin da zai zauna 6 ne. Shida kuwa fita ce mai ja ƙasa kaɗai, ba ta iya tura bolt sama. Abin haushi, fitilar PC13 za ta kama lafiya lau da 6, tunda ja ƙasa kawai take buƙata. Sai ka ɗauka kod ɗinka daidai yake, ka kwafe shi zuwa ƙafar da za ta tura tiranzisto, ka sa mita ka ga babu komai. Yaron ya yini yana canza tiranzisto masu lafiya. Da na zo na buɗe rajista na nuna masa 6 ɗin, sai ya dafe kai ya ce, "Kai, maigida, wannan abin mugu ne." Na ce ba mugunta, abin da ka gaya masa ya yi. Ka share gurbi kafin ka rubuta, ko da yaushe.

Wani abu a kan PC13 da maƙwabtanta PC14 da PC15: ƙafafu ne marasa ƙarfi, littafi ya ce kada su wuce megahaz 2 kuma kada a sa su ba wani abu kuran. Ka bar su da ƴar fitilarsu.

Baki kafin komai

Bayan fitila, abu na biyu da nake tayarwa a kowane aiki shi ne USART, tun kafin in taɓa abin da mai aikin ya biya kuɗi dominsa. Dalili kuwa, guntun da ba ya magana gyaransa duba ne. Kana buƙatar ƴar na'urar nan mai mai da siriyal zuwa USB. USART1 yana fita ta PA9, yana karɓa ta PA10. A nan ɗaki biyu za ka kunna, na ƙafafun A da na USART ɗin kansa, kuma mantawa da ɗaya daga ciki kuskure ne da har yau nakan yi in barci ya ɗebe ni.

RCC->APB2ENR |= (1 << 2) | (1 << 14);
GPIOA->CRH &= ~(0xF << 4);
GPIOA->CRH |= (0xB << 4);
USART1->BRR = 833;
USART1->CR1 = (1 << 13) | (1 << 3) | (1 << 2);

Lambar B tana ce wa PA9 daga yau ba kai ke juya ta ba, ka miƙa ta ga wani sashe na ciki. PA10 ka bar ta da 4 ɗinta. Bit 13 na CR1 yana kunna USART ɗin, 3 yana buɗe aikawa, 2 yana buɗe karɓa. Don aika harafi, ka jira bit 7 na SR ya tashi, sannan ka jefa harafin a DR.

Ita 833 daga ina ta fito? Saurin agogo ne aka raba da saurin maganar. Guntun yana tashi da agogon cikinsa na megahaz 8, ni kuma ina son 9600, to 8000000 a raba da 9600 ya ba da 833 da ɗan ragowa. Ga tarkon: wasu fayilolin farawa da za ka samu a intanet suna ɗaga agogon zuwa 72 tun kafin shirinka ya fara, ba tare da sun yi maka sallama ba. In haka ta faru, 833 ɗinka za ta ba da kusan 86400, sai allon kwamfuta ya cika da wasu haruffa kamar tsaga ta kaji. A megahaz 72, 7500 ake sawa don 9600, ko 625 don 115200. Duk ran da ka ga shara a allo, ka fara zargin lissafin agogo. In kuwa ba ka ga komai ba sam, ka duba waya: bakin wannan yana zuwa kunnen wancan ne, PA9 zuwa RX na ƴar na'urar, kuma dole mas ɗinsu, wato GND, ya haɗu.

Maganar ɗaga agogo zuwa 72, ra'ayina shi ne yawancin ayyukanmu ba sa buƙatarsa. Famfon da ake dubawa sau ɗaya a daƙiƙa me zai yi da gudu? Gudun, batir kawai yake ci. Abin da nake yi shi ne in koma kan kwarz, wato agogon waje na megahaz 8 da ke manne a katin, don agogon ciki yana ɗan kaucewa in zafi ya yi yawa, akwatin ƙarfe kuwa a garka cikin watan Afrilu ba a iya ɗora masa hannu da azahar. Kana kunna bit 16 na RCC CR, ka jira bit 17 ya ce kwarz ya daidaita, sannan ka juya zaɓin agogo a CFGR. Ka sa wa jiran nan iyaka, kada wata rana kwarz ya mutu shirin ya tsaya nan har abada. In kuwa lallai sai ka hau 72, to tsari ne: ka fara sa jinkiri biyu a FLASH ACR, ka raba APB1 biyu don ba ya wuce 36, ka ninka kwarz sau 9 da PLL, sashen da ke ninka bugun agogo, ka jira ya kama, sannan ka juya. Wanda ya juya kafin ya sa jinkirin, guntun zai riƙa karanto shirme daga ma'ajiyarsa ya sume.

Auna batir

ADC ɗin guntun bit 12 ne, wato yana mai da bolt daga 0 zuwa 3.3 lamba daga 0 zuwa 4095. Batirin Alhaji na bolt 12 ne, yakan haura 14 in pano na caji, don haka ba a kai shi ƙafa kai tsaye. Ƙafafun aunawa irin su PA0 ko bolt 5 ba sa ɗauka. Na sa rezistans na kilo 47 daga kan batir zuwa PA0, na kilo 10 daga PA0 zuwa mas. Da haka bolt 12 ya zama 2.1 a ƙafa, guntun ya karanta wajen 2612, bolt 14.4 ya ba da wajen 3135.

RCC->APB2ENR |= (1 << 9);
GPIOA->CRL &= ~0xF;
ADC1->SMPR2 |= 0x7;
ADC1->SQR3 = 0;
ADC1->CR2 |= 1;

Sifili a gurbin PA0 yana nufin ƙafar ta zama ta aunawa zalla. Bakwai ɗin SMPR2 ita ce lokacin ɗiba mafi tsawo, bugu 239.5, kuma na zaɓe ta ne saboda rezistans masu girma a hankali suke cika ɗan tulun da ke cikin ADC. In ka gaggauta shi, awon yakan zo ƙasa da gaskiya. SQR3 tana faɗin layin da za a auna, a nan layi na 0.

Layin ƙarshe yana da wata al'ada da ba za ka yi tsammani ba. Rubuta 1 na farko a CR2 tayar da ADC kawai yake yi daga barci. Ka ɗan dakata, ko da ƴan zagaye na banza ne, sannan ka ɗaga bit 2 don ya daidaita ma'auninsa, ka jira bit ɗin ya faɗi da kansa. Daga nan duk lokacin da ka sake rubuta 1 ɗin, shi ne ya fara awo. Ka jira bit 1 na SR, ka kwashi sakamako a DR. Kuma in ka hau 72, ka tuna agogon ADC ba ya son wuce megahaz 14, sai ka raba shida a CFGR ya zama 12. Wanda ya manta zai ga lambobi dai suna fitowa, su ne ba abin yarda ba.

Kada ka gaskata lissafin takarda har sai ka gwada da mita. Rezistans na kasuwa suna da ɗan ƙari ko ragi, bolt 3.3 na katin ma ba cif yake ba. Ni nakan sa mita a kan batir, in karanta abin da guntun ya turo ta USART, in gyara lambar rabawa har su yi daidai. Kuma awo goma sha shida nake tarawa in raba, don lokacin da famfo ke tashi bolt yakan nutse na ɗan lokaci, awo ɗaya zai iya sa ka kashe famfo ba gaira ba dalili.

Makunnin ruwa na cikin shato kuwa, irin mai yawo a kan ruwa, na kai shi PB12. Shiga ce mai ɗaure sama, lambarta 8. Sai dai 8 kaɗai ba ta faɗi sama ko ƙasa ba: bit ɗin ƙafar a ODR, rajistar da ka sani ta fita, shi ke zaɓa. Ɗaya ya ɗaure sama, sifili ya ɗaure ƙasa. Wanda bai san wannan ba zai sa 8 ya tafi, ƙafar ta zauna a ƙasa, guntun ya yi ta rantsuwa shato a cike yake.

Ƙafar da ba taka ba

Rele ɗin famfo na fara ɗora shi a PB3, ba don komai ba sai don ta fi kusa da inda na dasa tiranzisto. Agogon B a kunne, gurbi a share, lamba daidai, rajista ta nuna abin da na rubuta, amma ƙafar ko gezau. Wannan karon rabin yini kawai ya ci mini. PA13, PA14, PA15, PB3 da PB4 guntun yana tashi da su ne a hannun mai binciken shiri, JTAG da SWD. ST-Link biyun farko kaɗai yake amfani da su, sauran ukun kuma sai ka karɓo su da kanka. Ka kunna agogon AFIO, bit 0 na APB2ENR, ka rubuta 2 a gurbin da ya fara daga bit 24 na AFIO MAPR:

RCC->APB2ENR |= 1;
AFIO->MAPR = (2 << 24);

Biyu, ba huɗu ba. Huɗu tana rufe har ƙofar da ST-Link ke shiga, sai ka wayi gari kati ya ƙi karɓar sabon shiri. Masu amfani da STM32CubeMX su ma su lura, a ƙarƙashin SYS sai an zaɓi Serial Wire, in ba haka ba kod ɗin da zai fitar yana rufe ƙofar. In ta same ka kada ka jefar da katin. Ka mai da ɗan gadar BOOT0 zuwa 1, ka danna risat, ka goge guntun, ka mai da gadar 0. Gaskiya ni dai daga baya na kwance dalma na koma PB13, wadda ba mai rigima a kanta. Ƙafafu sun yi yawa a katin nan da za a tsaya shari'a a kan guda.

Tunda an zo maganar rele: ƙafar guntu ba ta jan rele. Iyakarta milliamfa 25, shi ma iyakar ƙonewa ce. Ka sa tiranzisto da rezistans na kilo 1 a gindinsa, diyod a juye a kan nadin rele, da wani rezistans na kilo 10 daga gindin zuwa mas. Na ƙarshen nan yana da dalili: daga lokacin da guntun ya tashi zuwa lokacin da shirinka ya saita ƙafar, ƙafar a sake take, wancan 4 ɗin da muka gani. Shi ke riƙe famfo a kashe a wannan tsakanin.

Lokaci, da katse hanzari

Ina son a duba batir da ruwa kowace daƙiƙa. TIM2 ke wannan, kuma shi a APB1 yake, ka lura kada hannu ya saba ya kai ka APB2.

RCC->APB1ENR |= 1;
TIM2->PSC = 7999;
TIM2->ARR = 999;
TIM2->DIER |= 1;
NVIC_EnableIRQ(TIM2_IRQn);
TIM2->CR1 |= 1;

A megahaz 8, raba da 8000 ya ba da bugu dubu a daƙiƙa, ƙirga dubu kuma ya cika daƙiƙa guda. Ana rage ɗaya a kowace lamba don daga sifili yake farawa. A 72 kuwa akwai wani abin mamaki: ko da APB1 yana 36, masu ƙirga lokaci ana ninka musu, 72 suke samu, sai ka sa 7199 da 9999. PSC ba ta ɗaukar abin da ya wuce 65535.

Idan ƙirgar ta cika, TIM2 yana katse wa shirin hanzari, a je a yi ɗan aiki a dawo. Kafin haka ta yiwu sai abu uku sun yarda: shi sashen ta DIER, mai gadin ƙwaƙwalwa wato NVIC, da sunan aikin da ka rubuta, wanda dole ya zama TIM2_IRQHandler harafi da harafi. Ka kuskure harafi ɗaya, kod zai haɗu ba gargaɗi, amma da zarar daƙiƙar farko ta cika guntun zai faɗa wani zagaye marar mafita. A cikin aikin, abu na farko shi ne sauke tuta, wato share bit 0 na TIM2 SR. In ba ka sauke ba, yana fita zai sake shiga, babban shirinka ba zai ƙara samun numfashi ba. Ni ba na yin wani aiki a ciki ban da sauke tuta da ɗaga wata ƴar alama tawa, wadda na sa wa volatile don kada mai haɗa kod ya yi mata wayo ya ɗauka ba ta canzawa. Awo da yanke hukunci duk a babban zagaye suke. Can ne kuma na sa sai makunnin ruwa ya faɗi magana ɗaya sau biyar a jere kafin a saurare shi, don ruwan da ke zuba cikin shato yana kaɗa shi sama da ƙasa, rele ya yi ta ƙwas-ƙwas.

Na ƙarshe shi ne kare mai gadi, IWDG, kuma shi bai bi dokar zaure ba. Yana da agogonsa daban na wajen kilohaz 40, wanda ke tashi da kansa da zarar ka kunna shi. Aikinsa: in shirin ya sume bai ba shi abinci a kan lokaci ba, ya sake tayar da guntun daga farko. Garkar Alhaji tafiyar awa guda ce a babur, ba zan riƙa zuwa danna risat ba.

IWDG->KR = 0xCCCC;
IWDG->KR = 0x5555;
IWDG->PR = 4;
IWDG->RLR = 1250;
IWDG->KR = 0xAAAA;

Na farko ya tayar da shi, na biyu ya buɗe makullin saiti, 4 tana raba agogon da 64, 1250 ta ba da wajen daƙiƙa biyu. Na ce wajen, domin agogon nan yana iya zama ko'ina tsakanin kilohaz 30 da 60, saboda haka ka bar sarari mai yawa. Layin 0xAAAA shi ne abincin, kuma a babban zagaye za ka riƙa maimaita shi. Kada ka sa shi cikin aikin TIM2, don mai ƙirga lokaci zai ci gaba da ciyar da kare ko da maigidan ya mutu a ɗaki. Ka sani kuma in ka tayar da shi ba ya kwanciya sai an yi risat, shi ya sa nake barinsa ƙarshe, bayan komai ya zauna. In ba haka ba, kana tsayar da shiri don duba rajista zai riƙa tashin guntun a hannunka.

Kafin mu kai akwatin garka na yi masa gwaji a kan tebur. Na sa wani zagaye marar ƙarshe da gangan, wanda ke farawa in na aika harafin k daga kwamfuta. Na kunna rele, na aika harafin, muka zuba ido ni da yaron. Bayan kamar daƙiƙa biyu rele ya saki, gaisuwar farawa ta sake fitowa a allo. Na cire zagayen, na loda shirin gaskiya, muka ɗaure akwatin a bayan babur.

A garka mun kafa shi a inuwar pano, bakin wayoyin yana kallon ƙasa saboda ƙura da ruwan damina. Na bar wayoyi uku na USART a waje cikin ɗan tiyo, don in an kira ni in zo da kwamfuta in ji abin da guntun zai ce ba sai na kwance komai ba. Shato bai cika ba sai bayan la'asar. Muna zaune ana zuba shayi na biyu muka ji famfo ya yi shiru. Alhaji ya tura ƙaramin yaron ya hau ya leƙa, ya ce saura kamar taki ɗaya ruwa ya kai baki. Alhaji ya ce a ɗan ɗaga makunnin sama, asarar wuri ce. Na ba yaron filaya da guntun waya ya sake hawa.